Waƙar Sunan Kauanoe

Ho'olehua, Molokai
6 ga Fabrairu, 1977

Ƙanena Likeke,

Gaisuwa mai yawa, da fatan sanyin Alaskan nan bai cinye maka yatsun ƙafa ba tukuna. Ka gaishe mini da matarka Marlene, ka shafa kan jaririya Kauanoe ka ce daga gwaggonta ne, wadda har yau ba ta ɗauke ta ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Alika yana fama da gonar dankalinsa, ni kuma ina nan ina dafa wa 'yan makaranta abinci, kullum in dawo ƙafafu kamar ba nawa ba.

Baba ne dai sai a hankali. Abinci yana ci, faɗa ma yana yi, amma sanyin ƙashin nan ya kama masa hannu sosai. Gaɓoɓin yatsunsa sun kumbura. Ranar Lahadi ni nake ɓalla masa maɓallin riga, yana hararata kamar ni na ɗora masa ciwon.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Tun da ka aiko cewa za ku kawo Kauanoe gida a watan Agusta a yi mata luau, walimarmu ta cika shekara, Baba ya koma zama gindin mangwaro da 'yar ukulelensa, ƙaramar jitar nan mai tsirkiya huɗu. Bai ce wa kowa komai ba, amma ni na san zaman nan. Haka ya yi wa jikokinsa goma, kowa da waƙar sunansa, kowa kuma a ranar luau ɗinsa ya fara jinta. Ka san Baba ba ya tsara waƙa da ka. Sai yatsunsa sun lalubo ta a kan tsirkiya, sannan kalmomin su biyo baya.

To yatsun ne suka ƙi. Wuyan 'yar ƙaramar nan ya yi masa kaɗan, layukan ƙarfen sun matsu da juna, in ya danna ɗaya sai yatsa ya haɗa da na kusa. Jiya ina shanya ina jinsa. Sau bakwai yana farawa, sau bakwai yana tsayawa a wuri ɗaya. Daga ƙarshe ya mayar da ita jaka ya tafi ba alade abinci, ni kuwa na shige kicin na yi kukana.

Na haɗu da Kawu Palani a coci. Shi da ya yi shekara ashirin yana kiɗa a otal-otal ɗin Honolulu, ya ce maganin abin a samo masa babba, mai faɗin wuya, inda yatsu za su sake. A tsibirinmu na Molokai ka san babu inda ake sayarwa, ni kuma rabona da Honolulu tun Mama tana asibiti. Ku kuna birni, ka dubo masa babba ka turo. Na san shekara shida ke nan ba ku yi magana mai daɗi ba, tun ranar da ka ce ba za ka noma dankali ba ka hau jirgi. Ban ce ka ba shi haƙuri ba. Ukulele na ce ka saya.

Yayarka,
Ulu

Anchorage, Alaska
2 ga Maris, 1977

Yaya Ulu,

Takardarki ta same mu lafiya, na kuma ji daɗin jin lafiyarku, sai dai labarin hannun Baba ya tsaya mini a rai. Yatsun ƙafata goma suna nan, saboda ke na duba su da safen nan. Kauanoe ta fara zama da kanta, haƙori ɗaya ya leƙo. Marlene tana gaishe ki. Tana ta koyon cin poi, tuwon gwaza irin namu, ta yamutsa fuska ta ce da daɗi.

Na yi aikenki. Shagon da na samu cike yake da jita, ukulelen suna can baya babu mai kula su. Mai shagon ya jera mini guda huɗu a kan tebur, daga 'yar mitsitsiya irin ta Baba har zuwa wata da ta kusa kamo jita. Ya fara yi mini bayani, kowacce da sunanta, kunya ta hana ni sauraro. A ce ɗan Molokai, ɗan mai waƙa, yana tsaye Baturen ƙasar ƙanƙara yana koya masa ukulele. Na ce masa na sani, ya ba ni babbar duka. Ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "A cikinta aka haife ni."

Ke kin san cika baki ne, ko riƙe ta daidai ban iya ba. Ku kun iya koyo irin na Baba, a zauna a kalli hannu a yi shiru. Ni kaina ba ya ɗauka sai na yi tambaya, shi kuma tambaya ce abin da ya fi tsana. Ina ɗan shekara tara na ce, "Baba, me ya sa ake ɗaga wannan yatsan?" Ya zare ukulelen daga hannuna ya miƙa miki. Daga ranar ban sake taɓa ta ba.

Na naɗe ta da kyau na kai gidan waya shekaranjiya.

Yaya, ki gaya mini gaskiya. Baba ya taɓa kiran sunan yarinyar nan da bakinsa? Na san na yi laifi da na sa mata sunan Mama ban nemi izininsa ba. Ban manta ba cewa suna a gidanmu roƙonsa ake yi wurin manya. Tsoro na ji kada ya ce a'a. Marlene ba ta san wannan ba. Ita damuwarta ɗaya ce, tun da na ba ta labarin waƙoƙin jikoki take tambayata ko 'yar Baturiya ma ana yi mata. Nakan ce ana yi, ina kallon wani wuri. In kayan ya iso ki rubuta mini abin da ya faɗa kalma da kalma, kada ki sa masa gishiri.

Ƙaninki,
Likeke

Ho'olehua
9 ga Afrilu, 1977

Likeke,

Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Ka yafe mini jinkiri, na yi ta jira ne ko zan samu labari mai daɗi in haɗa maka.

Kaya ya iso tun sha takwas ga watan jiya. Baba ya buɗe da kansa, ya shafa ta daga kai har ƙasa, ya ce, "Shi ya zaɓa?" Na ce shi ne. Ya ɗauka ya shiga ɗaki ya turo ƙofa. Ni na tafi Kaunakakai cefane. Da na dawo na same shi gindin mangwaro hannu wayam.

Yau sati uku ke nan ban ji ko ƙwas ba, babbar da ƙaramar duka. Taka tana kan kabad, naɗe cikin bargon da Mama ta ɗinka, ya kuma hana kowa kai hannu wurin. Na tambaye shi ko ta yi masa daidai. Tun da ka ce kalma da kalma, ga abin da ya ce: "Ki gaya masa kada ya sake turo mini komai." Na ce to waƙar fa? Ya ce, "Babu waƙa."

Ban san abin da ya shiga kansa ba. Aladen luau dai bai fasa ba shi abinci ba, har da gwandar da mu ma ba mu ƙoshi da ita ba. Ka bar ni da shi, kada ka yanke komai tukuna.

Ulu

Anchorage
1 ga Mayu, 1977

Yaya Ulu,

Lafiyarmu ƙalau. Kauanoe tana rarrafe, ta yi mura ta warke. Ina fatan ƙafafunki sun yi sauƙi.

Na karanta takardarki sau uku a mota kafin in shiga gida. Kin ce kada in yanke komai. Ai ba ni na yanke ba, shi ya yanke, kuma da kalmomi kaɗan kamar yadda ya saba. Ke ba ki san abin da ya shiga kansa ba, ni na sani. Ya tambaya ko ni na zaɓa, kika ce ni ne, shi ke nan ta tashi daga aiki. Da ke kika sayo da yanzu maƙwabta sun gaji da kiɗa.

Ni na saba. Abin da ba zan iya ba shi ne in ɗauko yarinyar nan da uwarta mu ƙetare teku, a tara mutanen Ho'olehua kaf, a buɗe ramin gashi a fito da nama, sannan lokacin waƙa ya zo tsoho ya zauna yana kallon ƙasa. Kowa a wurin ya san jikoki goma sun samu. Kowa zai koma gida ya ce ta sha ɗayan ba ta samu ba, kuma kowa zai san dalili. Kauanoe za ta girma ta ji, don garinmu ba a mantuwa. Gara ta tashi ba ta san akwai wata waƙa ba.

Na gaya wa Marlene wai hutu ne ba a ba ni ba. Ta dube ni ta ce, "Bai yi waƙar ba ko?" Ta tashi ta shiga wanke kwanonin da ta riga ta wanke. Ban taɓa jin haushin Baba kamar ranar ba.

Ba za mu zo ba. Aladen ku ci abinku. Ana neman masu walda a sansanin bututun mai can arewa, na ba da sunana.

Likeke

Ho'olehua
12 ga Yuni, 1977

Ƙanena,

Kowa lafiya, ina fatan ku ma. Ka zauna kafin ka karanta wannan, kuma ka karanta har ƙarshe kafin zuciyar nan taka ta tashi.

Takardarka ban nuna wa Baba ba. Na ce masa kuna gaisuwa. Wata guda na yi ina jin haushinku ku biyu, ina rasa wanda zan fara shaƙewa.

Ranar Talata Alika ya kai shi asibiti a duba hannun. Na ce bari in shanya bargon Mama ya sha rana, na hau kujera na sauko da shi. Likeke, ukulelen a fashe take. Ɗan katakon nan da ke riƙe tsirkiyoyi a cikinta ya ɓalle, ya tafi da ɓangaren fuskarta. An yi ta shafa masa gam ɗin takalmi, ya bushe, an sake shafawa, duk ya yi dama-dama.

Ban jira kowa ba, na sa ta a mota na tafi gabas wurin Kawu Palani. Yana ganinta ya dafe kai. Ya ce, "Wa ya ce ku sayo baritan? Tena na ce miki, ta uku, mai bin wannan." Sai a lokacin na tuna ya faɗi wata kalma a ƙofar coci, ni kuwa na riƙe "babba" kawai na rubuta maka. Ya ce ukun farko ɗauri ɗaya ake yi musu, amma babbar duka muryarta ƙasa take, kusa da ta jita. Duk wanda ya ja tsirkiyarta don ta kamo muryar ƙaramar, sai dai wani abu ya ba da kai.

Ka ga abin da ya faru ke nan. Baba bai taɓa saita ukulele da komai ba sai da kunnensa, kunnen kuma murya ɗaya ya sani tun yana yaro.

Da yamma na ajiye ta a gaban Baba a kan tebur. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce, "Kunnena ya ce ba ta kai ba, na murɗa. Ya ce ba ta kai ba, na ƙara."

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In ce me? Shekara sittin ina kiɗa."

Na ce, "Ai da ka tambayi Kawu."

Ya kalle ni kamar na ce ya fita titi ba wando. Can ya ce, "Shekara shida yaron nan ko kati bai aiko mini ba. Ya aiko abu, ban yi rabin awa da shi ba na fasa. Kar ya sake ɓata wahalarsa a kaina." Muryarsa tana rawa, Likeke. Rabon da in ji haka tun ranar da aka binne Mama.

Na tambaye shi maganar suna, don na san tana cinka. Ya ce, "Sunan uwarsa ne, wa zai roƙa?" Ya kuma kira shi, Kauanoe, sau biyu, a hankali.

Laifin na mu uku ne. Ni na yar da kalma a hanya, kai ka ƙi sauraron mai shago, shi ya ƙi tambaya. Ban san inda kuka samo girman kan nan ba, amma buhu ɗaya kuka ɗebo. Kawu ya ce zai gyara, sai dai ta yi sati uku a ɗaure kafin gam ya kama. Ka janye maganarka, ku zo. Ka ba ni amsa da wuri.

Yayarka,
Ulu

Ho'olehua
21 ga Agusta, 1977

Likeke,

Lafiyar jiki muna da ita. Taku ban sani ba, tun da wannan ce takarda ta huɗu da na rubuta maka tun Yuni, ko layi ɗaya ban samu ba. Na yi zaton in ka ji gaskiya za ka sauko. Ashe ban san ka ba.

Duk da haka zan gaya maka abin da ya faru, don kada wata rana ka ce ba a faɗa maka ba.

Kawu ya kawo ukulelen farkon Yuli, da sababbin tsirkiyoyi. A gaban Baba ya saita ta, yana yi yana tsokanarsa har da kiran sunansa, "Iokepa, ka kalli hannu ka yi shiru, haka ake koyo." Baba ya kaɗa sau ɗaya ya ce wannan ai kukan bijimi ne, ya ture ta. Kwana biyu tana jingine. Rana ta uku ina tuƙa poi na jiyo ta daga gindin mangwaro. Yatsunsa sun samu wuri, ya wuce inda yake tsayawa da, bai tsaya ba. Wani abin kuma da ba mu zata ba, ashe shekarun nan wahala yake sha wajen kai muryarsa sama ta kamo ƙaramar. Da wannan sai ya yi waƙa da muryar da yake magana da ita. Kafin ƙarshen wata ya ce mini, "Ta zo." Baiti huɗu, in ji shi.

Ban iya gaya masa ba za ku zo ba. Kullum ina cewa gobe takardarka za ta zo in huta. Jiya Asabar ranar ta cika. Alika da abokansa sun haƙa ramin gasa alade tun shekaranjiya, mata sun kawo kifi da haupiya mai madarar kwakwa, an kafa rumfa. Baba ya sa farar rigarsa, na ɓalla masa maɓalli bai harare ni ba. Ya ce in kai shi filin jirgi. Muka tari jirgin safe. Muka tari na tsakar rana. Yana zaune a benci da ukulelen a cinya, duk wanda ya sauko da jariri sai ya miƙe. Bayan na ƙarfe huɗu ya sauke mutanensa na durƙusa a gabansa na gaya masa komai, har takardarka ta Mayu.

Bai yi faɗa ba. Na so ya yi. Ya ce, "To mu je, mutane suna jin yunwa."

An ci an sha, Kawu da abokansa suka yi kiɗa. Da aka zo lokacin waƙar suna kowa ya juya yana kallon Baba. Kawu ya ce, "Iokepa, yi mana ita haka nan, iska ta kai mata." Baba ya ce, "Mai ita ce za ta fara ji. Ba na rera wa kujera." Aka watse da sauran rana.

Yau da safe na kawo masa rikodar makaranta na ce ya yi a kaset in aika muku. Ya ce a'a. Na ce to ya faɗa in rubuta. Ya ce in na rubuta ai na riga ta ji. Ka san shi.

Ga abin da ya fi damuna. Kullum da safe yana kaɗa ta sau ɗaya, bakinsa yana motsi ba sauti, don kada ta kuɓuce masa. Ranar Laraba na ga ya tsaya a tsakiya, ya koma farko, ya sake tsayawa. Hannun lafiya lau yake tafiya. Na ce mene ne? Ya ce layi ɗaya na baiti na biyu ya ɓace masa. Bai dawo ba sai da rana ta take. Shekararsa saba'in da huɗu, kuma waƙar nan babu inda take a duniya sai cikin kansa.

Ba zan sake roƙonka ba. In fushi kake da shi, da shi kake. Yarinyar ba ta yi wa kowa komai ba.

Ulu

Anchorage
5 ga Satumba, 1977

Yaya,

Muna raye, muna lafiya, kuma ba ƙin amsa na yi ba. Tun tsakiyar Mayu ina sansani can arewa, na yi ta ƙara makonni don kada in zauna in yi tunani. Marlene ta ɗauki yarinya ta tafi wurin mahaifiyarta a Oregon. Gidan a rufe yake wata uku da rabi. Shekaranjiya muka dawo, na tarar da takardunki huɗu suna jirana a gidan waya. Ta ƙarshen na fara buɗewa, ban gane komai ba, sai da na jera su bisa kwanan wata.

Ranar da Baba yake zaune a benci, Kauanoe tana Oregon an kunna mata kyandir ɗaya a kan kek, ni ina kwance cikin bututu ina walda ina tsine masa a zuciyata. Ban san yadda zan ɗauki wannan ba, Yaya. Na karanta wa Marlene duka, har maganar sunan da na ɓoye mata. Ta yi kuka, sannan ta zage ni tas, sannan ta fara haɗa kaya.

Na ajiye aikin. Mun samu jirgi ranar sha uku, mu kwana Honolulu, mu shigo Molokai da na safe ranar sha huɗu. Kada a yanka komai, kada a kafa rumfa, kada a kira kowa. Shi ma kada ki kai shi filin jirgi, ya zauna a inuwarsa ni zan kawo masa ita har gabansa. Ta fara tafiya, ba ta zama wuri ɗaya, amma in ta ji kiɗa tana tsayawa.

Abin da ke tsakanina da shi zan faɗa masa da bakina. Ke dai saƙo ɗaya za ki kai mini. Daga yau kwana tara ne, kafin takardar nan ta iso ki sun rage huɗu ko biyar. Ki ce masa ina roƙonsa ya riƙe mata ita zuwa ranar. In wani layi ya gudu, ya rera abin da ya rage, za mu karɓa.

Ƙaninki,
Likeke